Ranar da na hau ƙirjin Baba

Shekara uku Baba yana fama da ciwon suga kafin tarin ya zo. Sugan mun saba da shi: yawan fitsari, ƙishirwa, da ƙwayoyin da nake sayo masa a Rogo ranar kasuwa. Tarin ne ya firgita mu. Ya fara lokacin cirar gyaɗa, muka ce ƙurar harawa ce. Aka gama kwasar amfani tari bai tafi ba, mutumin da ke saɓa buhu shi kaɗai ya koma sai an riƙe shi zuwa banɗaki.

Ni ne babban ɗa, kuma duk ƙauyenmu na wajen Zoza an san ni da zafin kai. Na fara da jiƙon wankin ciki, mako biyu ina ɗura masa yana zawo har tsugunno ya gagare shi. Na koma ba shi zuma cokali-cokali, mai ciwon suga fa! Sai Baffa, ƙanin Baba, ya leƙa bakinsa ya ce ai beli ne ya yi tsawo, ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro. A wajenmu in tari ya ƙi jin magani, wanzami ake kira ya yanke shi.

Baba ya ce, "Ban yarda ba. Ku kai ni asibiti."

Na ce, "Baba, shekara uku asibitin me ya tsinana maka?"

Da hantsi wanzamin ya iso daga Kafin Dafga, ya shimfiɗa zabirarsa a zaure. Baba na ganin aska ya yunƙura zai tashi. Baffa ya faɗa kan ƙafafunsa. Ni na tura shi ya kwanta, na hau ƙirjinsa, na danne hannayensa da gwiwoyina. Ƙasusuwansa ina jin su ta cikin wandona. Ya datse haƙora, wanzami ya ce ba zai iya aiki haka ba. Sai na matse hancin mahaifina da yatsu biyu, na riƙe, idanunsa suka firfito suna kallona, har numfashi ya tilasta masa buɗe baki. Aska ta shiga. Ya yi wani irin gurnani, tari ya sarƙe shi, jini ya fantsamo mini a fuska da baki. Wanzami ya ɗaga ɗan naman a kan tsinin aska, muka ce alhamdulillahi.

Ciwon bai kame ba. Kwana huɗu maƙogwaron yana ɗiga, ya kumbura, ya fara wari, ko kunu ba ya wucewa. Raina ya ɓaci, na hau babur na je na iske wanzamin a kasuwa yana yi wa wani aski. Ban yi sallama ba. Na shaƙe shi na buga da ƙasa, na yi ta naushin bakinsa har haƙori ya fita, asakensa suka watse cikin ƙasa. Da aka ɓamɓare ni, ya tofar da jini ya ce, "Ni yanka na yi. Wa ya danne shi?" Na tsani mutumin nan saboda wannan tambayar.

A ranar muka ɗora Baba a babur tsakanina da Baffa zuwa asibitin Rogo. Aka gwada kakinsa, aka ce tarin tibi ne. Likitar, wata mata mai magana a hankali, ta zaunar da ni. Ta ce suga in ya yi yawa a jini yakan sanyaya garkuwar jiki, shi ya sa tibi ke saurin kama masu shi, rauni kuma ba ya warkewa. Ta ce a cikin hanji akwai ƙananan halittu masu amfani, abin da suke fitarwa yana taimakon jiki wajen faɗa da cuta, kuma zawon mako biyu ba zai bar su yadda suke ba. Duk abin da ta lissafa, hannuna ne ya yi shi.

Sai ta ɗaga hannun rigar Baba za ta sa masa ruwa, ta ga shatin gwiwoyina, baƙi ƙirin a damatsansa biyu. Fuskarta ta canza.

"Baba, wa ya yi maka wannan? Faɗa mini, in ta kama a kira hukuma sai a kira."

Baffa ya sunkuyar da kai. Ni wallahi na yi niyyar faɗa, sai na tsaya kallon Baba. Baba ya daɗe yana haɗiyar yawu, kowace haɗiya sai ya runtse ido. Bai dube ni ba.

"Ni na sa su," in ji shi. "Ni na ce a danne ni."

Ya yi kwana tara a gadon nan, ni nake juya shi ina goge masa baki. Bai sake samun muryar yin wata magana ba har ya cika.