Akwatin Iro Direba

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Iro Direba a unguwar Handsworth ta Birmingham ranar Juma'a ya san abin da zai tarar. Ana saukowa daga masallaci zai jawo sikelin banɗaki, ya ɗora jan akwatin nan nasa da ke bayan ƙofa, ya duƙa ya leƙa.

"Kilo ashirin da uku cif, daidai nauyin da jirgi ke karɓa. Bana dai sai gida."

Shekara talatin ina jin wannan bana. Manya sun san dalili, amma bari in faɗa saboda yara. Karatun injiniya aka turo shi, jarrabawa ta kayar da shi, ya kama tuƙin bas, ya rantse ba zai taka ƙauyensu Rafin Kanya ba sai da abin nunawa. Ni tun muna ɗalibai muke tare. Ina zaune a Manchester, amma wata ba ya ƙarewa ban hau mota na je mun yi faɗa ba.

To, ana nan sai ga Nasiru, ɗan wani marigayin likita ɗan garin su Iro. A unguwar Hulme ta Manchester aka haife shi, ga jita, ga malfar kaboyi, Hausarsa kuwa sai an yi haƙuri. Ya zo har gida ya durƙusa.

"Kawu, ina so in yi waƙa a kan garinmu. Tell me, yaya yake?"

"Ka sayi tikiti mana."

Daga nan kuma Iro ya ɓarke da labarin garin, awa huɗu bai haɗiyi yawu ba. Ina wajen, har shayina ya huce sau biyu.

Waƙar ta fito, sunanta "Rafin Kanya", ta kuwa karɓu. Rediyo ita, tasi ita, har Turawa suna lanƙwasa harshe suna bi. Ranar wayar Iro ta kusa fasa min kunne.

"Ɓarawo! Kanyar ni na ba shi, rijiyar ni na ba shi, har jakin Sarkin Noma nawa ne! Ni na yi kewar, shi ya ci suna!"

"To ai kai ma sai ka rera."

"Da wace muryar? Bas ta cinye."

Abin da ya fi ƙona shi bai zo ba sai da bidiyon ya fito. Ashe Nasiru ya ɗauki shawara, ya sayi tikitin, ya je har can aka ɗauka. Wayyo, ku zo ku ga kishi! Na nuna masa a wayata, ya riƙe ta nesa kamar tana wari.

"Dubi riƙon fartanya, don Allah. Golf zai buga? Kuma ji, yana shafa gero yana cewa dawa! Wannan ne ya koma tushensa? Kwana shida ya yi, da ruwan roba a hannu!"

Na ce, "Ya dai fi wani kwana shida."

Wata biyu bai ɗaga wayata ba.

Mun shirya ne a wata walima a unguwar Balsall Heath. Aka sa waƙar, zaure ya ɗauka, sai Iro ya miƙe ya fice. Na bi shi, na tarar yana zaune cikin mota, gilashi a sauke, ƙafarsa tana bin kiɗa daidai wa daida.

"Iro, ƙafarka fa?"

"Sanyi ne. GP, likitana, ya ce in riƙa motsa ta."

Kun san bai taɓa yarda da wayar zamani ba, wai ta fi shi tsada. Sai ya tsiri zuwa laburaren unguwa kullum, ya zauna gaban kwamfuta ya sa abin kunne. Na tambaye shi me yake nema.

"Kurakurai nake ƙirgawa. Na kai goma sha tara."

Lokacin ne council, wato hukumar gari, ta shiga tsuke bakin aljihu, aka rage kwanakin buɗe laburaren. Iro, wanda da aka rage masa kuɗin ɗumama ɗaki ya ce Allah ya kyauta kawai, a kan wannan sai da ya rubuta wasiƙa shafi huɗu. Rannan na raka shi. Ya shiga banɗaki, sai matar da ke kula da wurin ta yafito ni, ta ce abokina ba ya kallon bidiyon har ƙarshe. Kullum wuri ɗaya yake tsayar da shi, ya zauna ya zuba ido. Na leƙa. Bayan Nasiru da malfarsa, can gefe, wata tsohuwa ce zaune a ƙofar gida tana tankaɗe.

Ya dawo ya kama ni ina kallo. Na ce, "Wannan kuskure na nawa ne?"

"Ladidi ce, ƙanwata," ya ce. "Da goyo na bar ta." Sai ya fizge abin kunnen. "Kuma ko tankaɗen ba ta iya ba, tun tana yarinya."

Da ciwo ya kwantar da shi, ni na yi jinya, ni na yi zaryar asibiti. Nasiru sau ɗaya ya zo, da furanni, sai ka ce gaisuwar Baturiya. Amma shi Iro ya miƙa wa makullin akwati. A gabana! Wallahi na ji zafi, kuma ban ɓoye ba.

"Shekara talatin, Iro, sai wannan da bai san gero ba?"

"Bai san gero ba, amma ya san ƙofar gidanmu. Kai yaushe rabonka da naku?"

Bai tashi daga wannan ciwon ba. A Birmingham muka binne shi.

Nasiru ya kai akwatin, ya turo min bidiyo. Ladidi ta buɗe: atamfofi da aka daina yayinsu, agogon da ya tsaya, da wasu 'yan takalma na jariri, na goyon nan da yanzu ke da 'ya'ya biyar. Ta jawo jikarta ta sa mata, suka zauna cif. Ta yi dariya, sannan ta rufe fuska da gyale.

Har yau ina kishin yaron nan, kuma ba zan fasa ba. Amma na sayi tikiti, watan gobe zan je namu.

Allah ya jiƙan Iro. Ya daɗe yana haɗa kaya bai tafi ba. Allah ya sa wannan karon ya isa gida, ya tarar an bar masa ƙofa a buɗe.