Lambar Yaya a Hannun Fenta

A garejin kowa Fenta yake ce masa, har Oga da ya san sunansa na yanka. Shekara ashirin da biyu yana fentin mota, amma bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba, domin tun yana ɗan shekara goma sha huɗu farfaɗiya take kayar da shi. Ita ta fitar da shi daga makaranta, bayan ya faɗi a aji iyayen yara sun ce ana ɗauka a yawu. Ita ta watsa neman aurensa har sau biyu. Yana shan maganinsa safe da yamma, takan yi wata biyar ba ta leƙo ba, sai ranar da ya saki jiki ta zo ta yi masa shigar sauri. Mutum ne mai tsabtar aiki da saurin fushi. In ya shafa tafin hannunsa a ƙofar mota ya ji ɗan tudu kamar ƙwayar yashi, sai ya kankare gaba ɗaya ya sake daga farko, yana yi yana zagin wanda ya yi fentin baya.

Wata Talata da rana tsaka farfaɗiyar ta kayar da shi a gaban wani shagon takalma, yana hanyar sayo tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Rigarsa duk ƙaurin tina da fenti take yi, don haka mutanen da suka taru suka yanke hukunci nan take: ɗan shaye-shaye ne. Mai shagon ya sheƙa masa ruwan bokiti, ya ja shi ta ƙafa ya kai shi bakin kwata don kada ya tare wa masu saye hanya. Da ya farfaɗo harshensa na jini, wandonsa a jiƙe, wayarsa ta yi ƙafa. A bayan wayar kuwa yake maƙala 'yar takardar da aka rubuta ciwonsa da lambar yayarsa.

Kwana uku bai yi wa kowa magana ba. A na huɗu ya je gidan yayar ya gaya mata abin da ya yanke: a fatarsa za a zana rubutun, yadda ba zai goge ba.

"Tatu? Kai da furfura ta fara fito maka?" Yaya ta ajiye kayan da take ninkewa. "Jiki amana ne, ƙanena."

"Ranar da aka ja ni a ƙasa kamar buhu, ina masu tsaron amanar suke? Wanda ya sace waya ya zo ya sace fata mu gani."

Shagon mai tatu ɗaki ɗaya ne a saman bene, da kujera irin ta masu cire haƙori da fitila mai dogon wuya. Mutumin ya sa safar hannu, ya aske gashin cikin hannun Fenta na hagu, tsakanin wuyan hannu da gwiwa. Layi biyu ya rubuta da allurar injinsa: sunan ciwon a sama, lambar Yaya a ƙasa, baƙi wuluk, manya yadda ko mai raunin ido zai karanta daga tsaye. Da ya gama ya naɗe wurin da leda, ya jero sharuɗɗa. A wanke da ruwa da sabulu marar ƙamshi, a dangwale da tsumma mai tsabta, kada a goga. A shafa mai kaɗan, kada a laɓta. Kada rana ta doke shi, kada tina ta kusance shi.

"Zai yi ɓawo, zai yi ƙaiƙayi. Kada ka sosa, kada ka ɓare. Ka bar shi ya zube da kansa."

"Ni za a koya wa kula da launi," in ji Fenta, yana sauka daga kujerar.

Mako guda ya bi doka. Yana aiki da riga mai dogon hannu cikin zafin gareji, Mai Walda yana tsokanarsa wai ko amarya ce ta cije shi yake ɓoyewa. Tsakaninsu dama ba a ga maciji, tun ranar da tartsatsin walda ya ɓata wa Fenta murfin motar da ya kwana biyu yana gyarawa.

A rana ta tara rubutun ya fara tashi. Gefen lambobin ya yi fari-fari, ya ɗago, yana neman ɓarewa. Fenta ya zauna a kan tsohuwar taya lokacin hutun rana ya zura wa hannun ido, ransa ya soma tafasa. Ya san wannan alamar sarai. Fenti ba ya ɗagowa sai in ba a gyara ƙasansa ba, kuma in aka bar shi, ci gaba yake yi har ya cinye ƙofa. Wato aikin ha'inci aka yi masa. Ya sa farce ya ɗaga gefe ɗaya, ya fita salin alin. Na biyu ya ƙi. Sabo turken wawa: sai ga hannunsa ya kai kan guntun samfefa mai laushi, irin wadda ake gugar ƙarshe da ita. Ya tsoma ta a ruwa, ya shafa a hankali sau biyu, don bakin ya daidaita kawai. Jini ya ɗan tsattsafo. Ya sauke hannun riga ya koma aiki.

Bayan kwana goma ya kai wa Yaya ta gani. Ta riƙe hannun, ta karanta da ƙarfi, ta tsaya a tsakiya.

"Wannan lambar wace ce?"

"Taki mana."

"Tawa takwas ce a nan. Wannan uku ce."

Ya duba. Gefen hagu na takwas ɗin ya tafi, sai jan tabo mai sheƙi a gurbinsa. Yaya ta danna lambar yadda take a hannun, ta buɗe muryar wayar don shi ma ya ji. Wani mutum mai kaurin murya ya ɗauka, ya ce shi ba shi da ƙane mai ciwo, kuma in aka sake kiransa yana barci za a ji ba daɗi.

Fenta ya haura benen nan bibbiyu. Ya tarar da mai tatu yana goge kujera, ya tura masa hannun har kusa da hanci.

"Dubi aikinka. Tawadarka ta banza ce, ko wata bai yi ba ta zube."

Mutumin ya jawo fitila ya duba. "Da me ka goge shi?"

"Ɗagowa ya yi."

"Na ce da me."

Fenta ya ce, "Samfefa. Mai laushi ce."

"Samfefa." Mai tatu ya saki hannun. "Malam, fata ce fa, ba ƙofar mota ba. Abin da ka gani yana ɗagowa tsohuwar fata ce, tawadar tana ƙarƙashi tana zama. Kai ka bi ta ka tone."

"To cike min yanzu. Minti biyu ne."

"Ba na sa allura a ɗanyen tabo. Tawadar za ta bazu, ukun ma ka rasa ta. Sai nan da mako shida."

"Mako shida ina yawo da lambar wani ƙato a jikina? In na faɗi gobe shi za a kira? Ka san yadda ake farkawa a bakin kwata mutane na tsallaka ka?"

"Ban sani ba. Amma ba zan ƙara ɓata maka hannu don kana min tsawa ba."

Ya rufe layin ƙasa da bandeji mai shan iska, ya bar sunan ciwon a buɗe. Sannan ya ɗauko alƙalamin da yake zana fata da shi kafin allura, ya rubuta lambar daidai a hannun dama, ya cusa masa alƙalamin a aljihu. "In ta goge a sake rubutawa."

Washegari kafin sha biyu gumi da tina sun cinye rabinta. Fenta ba bahago ba ne, ya gwada da hagun sau uku a bayan injin kwamfiresa, abin ya fito kamar tafiyar kaza. Ya tsaya yana huci. Oga ya fita, ba kowa a garejin sai Mai Walda da ke tsugune a ƙarƙashin wata motar ɗaukar kaya.

Ya je ya tsaya a kansa, ya miƙa alƙalamin ba tare da ya dube shi ba. "Rubuta min lamba a nan."

Mai Walda ya ɗage gilashin fuskarsa. Ya dubi hannun dama, ya dubi na hagu inda sunan ciwon yake baro-baro, ya goge yatsunsa a wando.

"Dama abin da kake ɓoyewa ke nan? Mu da muke ɗauke ka daga ƙasa?"

"Rubutu na ce ka yi, ba wa'azi ba."

"Faɗi lambar."

Fenta ya faɗa ɗaya bayan ɗaya. Da suka zo kan takwas ya riƙe masa hannu. "Rufe ta sosai. Duka ɓangarorin."

"Sake ni, ni ma na yi makaranta." Ya zagaye ta sau biyu har ta yi kauri, ya sa alƙalamin a aljihun rigarsa. "Zai zauna a wurina. Kai in an bar maka, gobe za mu tarar ka yi masa samfefa. Kullum bayan cin abinci ka kawo hannun."

Fenta ya ja tsaki, ya koma kan murfin motar da yake gogewa. Ƙarƙashin bandejin tabon yana ƙaiƙayi kamar ana masa tafiyar tururuwa. Ya damƙe samfefar da hannu biyu, ya ci gaba da gugar ƙarfe.