Tsiren da ya shiga darasi

Har gobe ina tuna ranar da sufeto ya zo makarantarmu a Jega, ba da jimawa ba bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi. Ni ne malamin ilimin halittu. A ƙa'ida, sai ya ga darasi da idonsa kafin a bar mana ajin kimiyya. In bai gamsu ba, a kwashe ɗalibanmu zuwa wani gari, iyaye da yawa kuma ba za su yarda ba.

Na shirya nuna yadda ruwa ke ratsa tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta. Kayan gwaji ba mu da su, sai na roƙi Mamman mahauci mafitsarar akuya, don ita ma tantani ce. Da safe sai ga shi da tsire niƙi-niƙi.

"Ina mafitsarar?"

"Haba Malam, ga baƙo daga Birnin Kebbi? Mi za a ce da mahautan Jega? Mun yar da ita."

Sufeto, mutum mai jiki, ya riga ya zauna. Sai na jera ɗalibai kafaɗa da kafaɗa, na ce su ne tantanin. Siraran ajin suka zama iskar oksijin, suka sulale ta tsakaninsu.

"Ranka ya daɗe, ko za ka zama sukari?"

Ya tashi, ya gwada kutsawa, layi ya ƙi. Na tsayar da Bala, ɗan masu fito da kwalekwale, cikin layin, na ce shi ne furotin: sukari ba ya ƙetarewa sai furotin ya yi masa fito. Bala ya kama hannun sufeto, ya juya da shi ciki.

"To, in sukarin ya riga ya fi yawa a can ciki fa?" in ji sufeto.

"Wannan tuƙi ne gaba da ruwa. Sai furotin ya sami ƙarfi."

Na miƙa wa Bala tsinken tsire ɗaya. Nan take rabin ajin suka nemi zama furotin.

Sufeto ya goge ƙuli-ƙuli daga gemunsa, ya ce an bar mana ajin kimiyya.

Abin da na koya: yaro ba ya manta darasin da ya tsaya a ciki da ƙafafunsa. Mamman kuwa har ya rasu yana cewa shi ya ceci kimiyya a Jega. Ban taɓa musa masa ba.