Kan Velia a Cikin Tulun Mai

Ofella bai taɓa gane kan manya ba, kuma ba don bai yi ƙoƙari ba. Shekara talatin ya yi yana sassaƙa musu mutum-mutumi da farin dutse a garin Luna, a shagon da ya gada wurin ubansa. Dabarar sana'ar ba ɓoyayya ba ce: jiki daban, kai daban. A wuya ake barin rami a dasa kan. Ranar da mai mulki ya faɗi, sai a zare nasa a sa na wani. Aikin majalisar gari shi ke riƙe da shagon, in ya kuɓuce masa gidansa ba a ɗora tukunya.

Da Gwamna Calvena ya ƙulla ƙawance da Janar Nerius, sai aka ɗaure maganar da aure, gwamna ya auri Velia 'yar janar ɗin. Ofella aka ba aikin sassaƙa su hannu cikin hannu. Sau uku Velia tana zuwa shagon ya dubi fuskarta, gwamna na gefe yana ɓare mata ɓaure kamar ba shi ke yanke wa mutane hukunci ba. Ko makaho ya san mutumin nan ya mutu a kanta.

Shekara huɗu, ƙawance ya watse. Aka saki Velia aka mayar wa ubanta, gwamna ya auri ƙanwar sabon abokin tafiyarsa. Umarni ya zo: a zare kan Velia daga mutum-mutumin dandali, a farfasa, a sassaƙa na amarya.

Ofella ya zare, amma ya kasa ɗaga guduma. Ya cusa kan cikin tsohon tulun man zaitun.

"Maigida, ka haukace ne?" in ji matarsa Sestia.

"To ai gwamna yana sonta! Da idona na gani."

"So? Su waɗannan da 'ya'yansu mata suke sa hannu a yarjejeniya. Fasa abin nan mu zauna lafiya."

"In kuma gobe suka shirya fa? In sake sassaƙa wani?"

"Kai dai ka ji da shi, sarkin taurin kai."

Ana nan, gwamna ya zo duba kan amarya, da mutanen sabon surukinsa biye da shi. Su suka tsaya a bakin ƙofa, shi ya shigo. Ko kallon sabon kan bai yi ba, ya rage murya.

"Ina tsohon?"

"Na farfasa, ranka ya daɗe."

Nan take fuskar gwamna ta zube. Tausayi ya kama Ofella, ya ce a ransa ashe dai shi ke da gaskiya, ba Sestia ba. Ya ruga ya ciro kan daga tulu, duk ya yi maiƙo, ya miƙa yana washe baki. Gwamna ya rungume kan, yana share man da gefen rigarsa, hawaye shaɓe-shaɓe. Sai ya ɗago, ya ga mutanen bakin ƙofa sun zuba masa ido.

"Fasa shi," in ji gwamna. "Yanzu, a gabana."

"Ranka ya daɗe, amma ai..."

"Na ce ka fasa!"

Ofella ya ɗaga guduma. Bugu uku, fuskar ta zama tsakuwa. Gwamna ya dubi tsakuwar, sannan ya matso ya raɗa masa: "Hannun da ya fasa fuskar nan ba zai ƙara taɓa dutse a garina ba."

Washegari mai shela ya karanta a dandali cewa an ƙwace shagon Ofella saboda ya ɓoye fuskar 'yar maƙiyi.

Sauran rayuwarsa a ƙauyen su Sestia ya yi ta, yana fafe dutsen niƙa. Duk wanda ya zo saye sai ya riƙe shi da labarin nan, har yara suka haddace. Ranar da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kamo hannun matarsa.

"Sestia, ke da kika fi ni wayo, gaya mini. Don na ɓoye aka kore ni, ko don na fasa?"

Ta gyara masa mayafi, ta ci gaba da riƙe hannunsa.