Jiƙon Umma a ruwan Zamzam

Tun daga hawa na biyu warin ya tare ni. Mahaifiyata tana hawa na uku a unguwar Shisha a Makka, ni kuma duk Juma'a nake zuwa daga Aziziyya in duba ta, don tana da ciwon sukari, ga wani gyambo a babban yatsan ƙafarta da ya ƙi warkewa.

A kicin na tarar da abin, cikin jarka. Gwaggonmu ce ta kawo mata daga Kano da ta zo Umara: guntayen wani itace mai naɗe bishiyoyi a dazukan kurmi, murɗaɗɗe kamar igiyar guga. Ta ce a jiƙa da yamma, a sha da safe, a zubar da sauran a sa sabon ruwa. Wai ɗacinsa ke karya sukari. Ban ƙaryata ba. Mai kyamis ɗin unguwarmu ma ya ce irinsu sukan taɓuka wani abu, sai dai shi bai san awon da za a sha ba.

To, Umma da Zamzam ta jiƙa nata, wai a haɗa albarka biyu. Zamzam kuwa a gidanmu ba a zubar da shi. Sai ta riƙa ƙara sabo a kan tsoho har sati uku, a kicin ɗin da ko fanka babu, cikin zafin Makka. Da na buɗe murfin sai da na dafa bango. Ruwan ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, kumfa toka-toka a sama, itacen ya ruɓe har ya yi gashi. Wannan ƙazantar take ɗura wa cikinta kullum, da ita kuma take wanke gyambon. Ƙwayoyinta na asibiti suna kan firji, ko ɓare su ba ta yi ba.

"Umma, wannan ai ruɓa ce," na ce.

"Istagfiri, ya binti," ta ce, tana kirana 'yarta da Larabci. "Ki tuba. Zamzam kike kira ruɓa? Haram alaiki."

Na kwance mata tsumman ƙafar, na sa ta kalli yatsan da kyau. Ya fara baƙi. 

"Halas, shi ke nan, mu je mustashfa," ta ce, tana nufin asibiti. "Amma kar ki zuba min shi a magudana. Ki kai gindin bishiya."

Na ce to. Tana shiga ɗaki sa abaya na toshe hanci, na tuttule jarkar a wurin wanke-wanke, na bi da ruwan zafi da sabulu. Raina a ɓace yake, ko ɗar ban ji ba.

Yatsan bai tsira ba, bayan kwana huɗu aka yanke shi. Da ta farfaɗo ko kallon ƙafar ba ta yi ba. Hannuna ta kamo.

"Wace bishiya kika kai shi?"

"Darbejiyar nan ta bakin masallaci," na ce.

"Alhamdulillahi. Allah ya yi miki albarka."

Na amsa da amin, ina jin ƙyamar kaina fiye da wadda na ji a kicin. Har yau ba na iya bi ta gindin darbejiyar nan, zagayawa nake yi.