Tocilar da Dattijo Ya Zaɓa

Daga Kura har Bunkure, in ka ce Dattijo mai ban ruwa, babu manomin rani da zai tambaye ka wanne. Ƙanin kakana ne na wajen uwa, don haka akwai wasa tsakaninmu. Ni ina ce masa Tsoho, shi yana ce min Ɗan aji uku, saboda a ajin nan na yi sallama da sakandare, ita ma kuma ba ta yi kukan rabuwa da ni ba.

Bai taɓa mallakar gonar kirki ba. Tun da aka haƙa kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, aikinsa shayar da gonakin mutane. Ya saɓo saifon, lanƙwasassun bututun nan da ake janyo ruwa da su, ya tsoma ɗaya, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya fizgo, sai ruwa ya biyo shi kamar akuyar gida. Daga baya ya tsaya a gonar tumatirin Alhaji Sammani, da ita yake ci shi da matarsa Iya Adama. Gonar tana can ƙarshen layi, inda ruwa ba ya isowa sai na gaba sun ƙoshi, shi ya sa kafin kiran assalatu yake fita.

A ranin 2008 ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya fasa kunyar gonar da ba tasu ba, ruwa ya kwana a kan irin albasar maƙwabcinsu Muhammadu Sani, ya ruɓar da shi. Alhaji ya biya ɓarnar, amma ya faɗa wa Tsoho a gaban mutane cewa in aka kuma, sai dai ya huta. Tsoho ya ɗora laifin a kan tsohuwar tocilarsa mai batir.

Lokacin ina zaune a shagon cajin waya na Maharazu a kasuwar Kura, ina shan hayaƙin janareto, ina taya shi sayar da ƙananan tocilolin nan 'yan Cana masu caji. Ranar Laraba da hantsi sai ga Tsoho, washegari kuma layin ruwan gonarsu ne.

"Ɗan aji uku, fito min da ta kirki. Ba irin karatunka ba."

"Tsoho, wadda za ta nuna maka gonarka kake so, ko wadda za ta nuna maka ta maƙwabta?"

Bai yi dariya ba. A nan ya kamata in ja bakina, amma bakina ba shi da birki.

Na jera masa uku. Ta farko mai faɗin kai ce, ƙwai tara, haskenta yana bazuwa amma cajinta ba ya jimawa. Ta biyu siririya, ƙwai ɗaya mai kaifi, tana kai haske har tsallaken kanal. Ta uku 'yar guntuwa ce da yara ke so, haskenta ba yabo ba fallasa, sai dai tana da wata jar fitila a gindi mai ƙyaftawa.

Mutanenmu ba sa sayen tocila da rana sai sun ƙirƙiro mata dare. Mutum zai cusa kansa cikin rigarsa, ya kunna, ya dubi tafin hannunsa. In ya ga zanen tafin sarai, ciniki ya faɗa. Tsoho ya shige cikin babbar rigarsa da mai ƙwai tara. Ya daɗe a ciki.

"Wannan hayaƙi take yi," in ji shi daga cikin rigar.

"Tocila ce fa, ba murhun Iya Adama ba."

Ya karɓi siririyar ya koma. "Wannan ta fi waccan hayaƙi. Ku yaran nan ba ku tsoron Allah, kuna sayar wa mutane hazo."

Na karɓa na cusa kaina cikin tawa rigar. Har tabon da lauje ya yi min ina yaro na gani. Na fito da niyyar in tsokane shi, sai idona ya faɗa cikin nasa. Rana tana dukan fuskarsa. A tsakiyar baƙin idonsa na dama akwai wani fari kamar an ɗiga nono a shayi, na hagun ma ya soma.

Na ce, "Baba, ko dai..."

"Yau kuma ni ne Baba?" Ya ajiye tocilar a hankali. "Maharazu yana jin mu?"

"Ya tafi sayo mai."

Ya zauna a kan benci. Ya ce tun damina yake ganin hayaƙin. Ya ce da ƙafa yake gane fangulan gonar, da sanyin laka da gangaren ƙasa, amma ranar da ya yi ɓarnar nan an yi sabuwar huɗa, ƙafar ta yi masa ƙarya. Iya Adama ba ta sani ba. Tana cewa tsufa ne ya sa yake zubar da koko.

"Yanar ido ce, ana cirewa a asibitin ido a Kano," na ce masa. "Gobe kuma ni zan raka ka, in riƙe maka fitila."

"Kai? Da ba ka san gabas ba sai an yi sallah? Gobe ka raka ni, jibi fa? Tumatirin mutum ba abin gwaji ba ne." Ya laluba teburin ya ɗauki 'yar guntuwar. "Wannan jan abin na mene ne?"

"Na yara ne, Tsoho. Ba ya haska komai."

"Daga nesa ana ganinsa?"

"Ana gani."

Ya jefa ta a aljihu.

Da la'asar ɗin ranar ya ɗaure saifon ɗinsa da igiya, ya kai ƙofar Alhaji Sammani, ya ce a nemi wani kafin asuba don kada layin ruwa ya wuce. Alhaji ya tambaye shi dalili, ya ce ya gaji. Tun daga ranar wani yaron Garun Mallam ke ban ruwan gonar, Iya Adama kuma ta fara ƙosai a ƙofar gida. Zancen Kano, kullum sai ya ce sai bayan an cire tumatir, alhali ba shi da ko tushe ɗaya a gona.

Fitar asuba dai bai daina ba. Yana bin bakin kanal zuwa masallaci, jar fitilar tana ƙyaftawa a hannunsa, masu babura da ke ɗauke da kwandunan tumatir suna kauce masa. Duk ranar kasuwa yana kawo min ita caji.

Ran nan na ce masa, "Tsoho, an kawo wata sabuwa mai ƙwai goma sha biyu."

Ya juya fuskarsa wajen muryata, ya ɗan kauce kaɗan, yana kallon Maharazu a maimakona.

"Bar ta, Ɗan aji uku. Da wannan ma ana ganina."