Malama Kudirat Ba Ta Iya Zama Ba

Tun kafin masu shayin tashar Funtua su hura wuta, Malama Kudirat ta ɗaure akwatinta a bayan babur, tana ja wa ɗan acaɓa kunne kan ramukan hanya. A ciki akwai kwamfuta, da batir, da wata na'ura mai narkar da zaren roba ta gina duk abin da aka zana mata, hawa kan hawa. Yau Malumfashi, gobe wani ƙauye a hanyar Dandume. Iyayenta 'yan kasuwa ne daga Kudu, amma a Funtua aka yanke mata cibiya.

Hedimasta Maitama shaida ne kan ranar da ta je makarantarsu. Tana cikin nuna wa 'yan aji uku yadda na'urar ke aiki, sai ta hango wata yarinya, Aisha Humaira, ta dafe tabarau da hannu ɗaya.

"Ke, me ya sami gilashinki?"

"Ƙafarsa ce ta karye, Malama. Baba ya ce ranar da ya faɗi ya fashe sai zaman gida, tunda ba na ganin allo."

Nan take Malama ta ajiye darasin da ta shirya. Ta sa yaran suka auna ƙafar da ta rage, suka zana irinta a kwamfuta, kowa na tsoma baki. Ƙafar farko da na'urar ta gina ta fito gajeriya. Batir ya soma ƙyafta jar wuta alamar caji ya kusa ƙarewa, hadari ya haɗo, ɗan acaɓa ya leƙo ta taga.

"Malama, ruwa fa zai tare mu!"

"Ya tare mu ɗin. Ku sake aunawa."

Ta dinga safa da marwa a gaban na'urar kamar mai jiran haihuwa. Ta biyu ta zauna daram. Yarinyar ta sauke hannunta, ta kaɗa kai da ƙarfi, tabarau ko gezau. Aji ya kaure da sowa. Sharkaf Malama ta isa gida ran nan.

Ke ce uwar masu tambaya, Malama. Ke kika nuna wa 'ya'yan manoma cewa hannun da ke tsinkar auduga zai iya ƙera abin da ya rasa. Yanzu gwiwa ta ƙi, likita ya ce ki huta, ke kuwa kina ta lissafa ƙauyukan da ba ki taka ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ku kuma matasa da kuka karanci kwamfuta kuke wuni a majalisa, yaran ƙauyukan Matazu ba su taɓa zana abu na'ura ta gina musu su riƙe a hannu ba. Wa zai je musu?